Yadda ake ziyartar Ellora, wuraren bautar Hindu da Jain da aka haƙa cikin dutse a Indiya

Duk wanda ya taɓa zama a Indiya daga 2019 zuwa yau, ko jinya ta kai shi ko karatu ko sari, ya riƙe hoton Ellora a hannunsa ko da bai sani ba. Yana bayan sabuwar takardar rupi 20, mai launin ɗorawa da ɗan kore-kore. Ni kaina na yi makonni ina sayen shayi da ita a Mumbai ban taɓa juya ta ba, sai ranar da likita ya ba yayana da nake jinya hutun mako guda, ya ce mu dawo a sake gwaji. Yaya ya dube ni ya ce, "Kai ma ka fita ka sha iska, zaman asibitin nan ya fara nunawa a fuskarka." Haka na samu kaina a Ellora, kuma a ranar farko na yi kusan duk kuskuren da baƙo zai iya yi.

Abu guda nake so ka riƙe tun yanzu: babu abin da aka gina a Ellora. Ba a ɗora dutse kan dutse ba. Tsauni ne na baƙin dutse, daskararren aman wuta, wanda mutane suka shiga da guduma da cizal tsakanin ƙarni na 6 da na 10, suka yi ta cire abin da ba su so har abin da suke so ya rage. Ginshiƙi da rufi da matakala da giwa da wanda ke kan giwar duk jiki ɗaya ne da tsaunin. Kogwanni 34 ne aka buɗe wa jama'a, jere a gefen tsauni tsawon fiye da kilomita 2. Daga na 1 zuwa na 12 na mabiya Buddha ne, 13 zuwa 29 na Hindu, 30 zuwa 34 na Jain. UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan tarihin duniya a 1983, kuma hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya, wadda ake taƙaita sunanta ASI, ita ke riƙe da shi.

Kafin ka bar gida

Biza daga ofishin jakadancin Indiya, wannan kowa ya sani. Abin da mutane ke sakaci da shi shi ne katin rigakafin shawara, katin nan mai ruwan ɗorawa. Indiya ba ta wasa da shi ga duk wanda ya fito daga Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Cadi ko Sudan. A yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya, in ba haka ba za a iya killace mutum har kwana 6 tun daga filin jirgi. Fasfo kuma kada ya rabu da kai ko a tafiyar cikin gida, domin kowane otal sai ya yi wa baƙon waje rajista da shi.

Sai zaɓen lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sanyi ne mai daɗi, shi ne lokacin da ya fi. Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma baƙin dutse yana shan rana ya mayar maka da ita. Kada ka ce ai kai ɗan Sakkwato ne ko ɗan Maiduguri, a gida ba ka yini kana hawan matakala da tsakar rana. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, tana mai da tsaunin kore shar, ruwa yana zubowa daga samansa kusa da kogo na 29, sai dai akwai santsi.

Ranar Talata a rufe wurin yake. Ka rubuta wannan a inda ba za ka manta ba. Asabar da Lahadi da ranakun hutu kuwa cika yake yi maƙil da 'yan ƙasa da motocin 'yan makaranta. Laraba ko Alhamis ta fi.

Isa can

Birnin da za ka sauka shi ne Aurangabad a jihar Maharashtra. A 2023 an sauya masa suna zuwa Chhatrapati Sambhajinagar, don haka in kana neman tikiti a intanet ka gwada sunayen biyu. A baki dai har yau mutane da yawa tsohon sunan suke faɗa, wasu kuma Sambhajinagar kawai. Daga Mumbai jirgin sama kamar awa ɗaya ne, jirgin ƙasa awa 6 zuwa 7. Ni jirgin ƙasa na bi, kuma shi nake ba da shawara in an sayi kujera tun da wuri.

Daga birnin zuwa Ellora kilomita 30 ne, ƙasa da awa ɗaya. Akwai bas daga babbar tasha, akwai motocin haɗaka, akwai a-daidaita-sahu, wanda su ke kira oto. Amma in aljihu zai ɗauka, ka yi shatar mota ta yini guda, saboda akwai wuraren tsayawa a hanya da zan zo kansu. Ku gama ciniki kafin ka shiga: kuɗin ya haɗa da jira, ya haɗa da kuɗin fakin, kuma ba ka son a kai ka kantin kowa. Wannan na ƙarshen ka faɗe shi sau biyu, domin direbobi da yawa suna da la'ada a shagunan kayan saƙa. 'Yan garin suna kiran wurin Verul, in ka ji direba ya faɗi haka ba wani wuri zai kai ka ba.

Ka riƙe tsabar kuɗi, ƙanana. A Indiya har mai sayar da gyaɗa da waya ake biyansa, amma tsarin nasu galibi yana son asusun bankin ƙasar, baƙo kuwa sai ya yi ta zare ido. A jaka: ruwa kwalba biyu, hula ko lema, tocila ƙarama, da takalmi mai kama ƙasa wanda kuma ba ya wuyar cirewa. Tocilar waya tana yi, amma ba ta kai ga rufi. Babbar riga ka bar ta a masauki, matakalan nan ba su san girma ba.

Ana buɗewa da fitowar rana, a rufe da faɗuwarta. Tikitin baƙon waje rupi 600 na biya, 'yan ƙasa 40, yara 'yan ƙasa da shekara 15 kyauta. Kada bambancin ya ɓata maka rai, haka tsarin yake a duk wuraren ASI. Tikiti ɗaya ne ya shigar da kai dukkan kogwannin.

Fara da na 16, kada ka fara da na 1

Ga kuskurena. Na ga lambobi, sai na ce bari in bi su a jere kamar mai bitar allo. Na karya dama na tafi can ƙarshen kudu, na fara da na 1, na shiga kowane lungu ina ɗaukar hoto. Kafin in iso na 16 rana ta take, jama'a sun cika, ƙafafuna sun fara ƙorafi. Na Jain kuwa da na isa la'asar sakaliya, leƙawa kawai na yi na fito. Dole washegari na sake sayen wani tikitin.

Da ka wuce ƙofa, abin da ke fuskantarka kai tsaye shi ne kogo na 16, wanda ake kira Kailasa. Nan za ka fara, da sassafe, kafin bas-bas su iso. Sunan kogo ma bai dace da shi ba. Haikali ne sukutum, tsaye a fili, sama a buɗe, wanda aka yanko daga cikin tsauni tun daga ƙololuwa zuwa ƙasa. An fara haƙa manyan ramuka uku a jikin tsaunin aka ware wani ƙaton curi a tsakiya, sannan aka bi curin ana sassaƙa shi daga sama ana sauka. Farfajiyar ta kai mita 82 a tsawo da 46 a faɗi, tsayin haikalin ya haura mita 30, kuma ana ƙiyasta dutsen da aka kwashe da tan 200,000. Galibin masana suna danganta aikin ga Sarki Krishna na ɗaya na daular Rashtrakuta, wanda ya yi mulki wajen 756 zuwa 773. Ka yi tunani irin na magini: in ka yi kuskure a bulo, sai ka rushe ka sake. A nan in cizal ya zarce, babu abin da za a mayar.

An yi shi ne don Shiva, ɗaya daga cikin manyan allolin Hindu, ana kwaikwayon Dutsen Kailash da ke tsaunukan Himalaya, inda mabiya Hindu suka ɗauka mazauninsa ne. A da an shafe shi da farin shafe don ya yi kama da ƙanƙarar can. In ka duba ƙarƙashin baranda da cikin lunguna za ka ga ɓurɓushin shafen da ragowar fenti, ja da kore.

Yadda za ka zaga shi: kana shiga za ka ci karo da Lakshmi, allahiyar arziki a wajen Hindu, zaune kan furen bado, giwaye suna zuba mata ruwa. Daga nan ka bi hagu, haikalin yana damanka. Haka mabiya Hindu ke zagayawa, kuma in ka bi akasin haka za ka yi ta karo da mutane. A farfajiya akwai manyan giwaye biyu, girman na gaske, hancinsu ya karye, da dogayen ginshiƙai biyu tsaye su kaɗai. A kusurwar hagu akwai ɗan ɗaki mai siffofin mata uku, kogunan da suke girmamawa: Ganga, Yamuna da Saraswati. Ka dubi gindin haikalin sosai. Jerin giwaye ne kafaɗa da kafaɗa, kamar su ke ɗauke da shi a gadon baya, kuma babu biyu da suka yi tsayuwa iri ɗaya.

A bangon arewa an zana labarin Mahabharata a layi-layi, ƙananan mutane da dawakai da karusai, a bangon kudu kuma Ramayana, su ne manyan tsoffin labaran Hindu biyu. Amma wanda ya fi tsayar da ni yana ɓangaren kudu, a wani wuri mai zurfi da duhu. Ravana ne, sarki mai kai goma da hannu ashirin, ya shiga ƙarƙashin dutsen Shiva yana jijjiga shi. A sama Parvati, matar Shiva, ta firgita ta kama mijinta, wata baiwa ta juya za ta arce, shi kuwa gogan yana zaune abinsa, ya danna dutsen da yatsan ƙafa ɗaya. Masassaƙin ya haƙe bayan Ravana sosai har inuwa ta cika wurin, sai ka ga kamar hannuwan suna motsi. Na yi minti ashirin a nan. Wani dattijo mai gadi ya zo ya haska mini fuskar baiwar da tocilarsa, bai ce komai ba, ya wuce.

Sai ka hau bene. Akwai rumfar Nandi, bijimin da Shiva ke hawa, yana durƙushe yana fuskantar ɗakin ciki, an haɗa su da gadar dutse. Zauren yana da ginshiƙai 16, can ƙurya kuma akwai lingam, dutse mulmulalle da ke wakiltar Shiva. Duk inda ka ga tarin takalma a bakin ƙofa, ka cire naka. Kodayake wurin tarihi ne a hukumance, za ka ga masu haɗa tafin hannu suna sunkuyawa. Ka ba su wuri, kada ka tsaya tsakaninsu da abin da suke fuskanta don ɗaukar hoto.

Kada ka bar Kailasa ba ka gan shi daga sama ba. In ka fito, akwai hanyar ƙafa ta gefen kudu, wajen kogo na 15, da ke hawa kan tsaunin ta zagaya bakin ramin. Daga can ne za ka leƙa ka ga zakoki huɗu a kan rufin zauren, mutane a ƙasa kamar tururuwa, da sawun cizal a jikin bangon ramin. A nan maganar haƙawa daga sama take zama a kai. Ka yi hankali da baki, musamman in da yara.

Yadda za ka gane wane ne wane

In ba ka san alamomin allolin Hindu ba, bayan kogo uku komai zai zama iri ɗaya a idonka. Abin ba shi da wuya. Mai mashi mai baki uku, da maciji a jiki, da tulin gashi a ka, da bijimi kusa, Shiva ne. Mai riƙe da faifai da babbar katantanwar teku, da doguwar hula, Vishnu ne. Mai kan giwa da tumbi Ganesha ne, ɗan Shiva. Mai fuskoki da yawa, uku a bayyane, Brahma ne. Mace kan zaki tana kashe ɓauna Durga ce. A bakin ƙofofi, macen da ke tsaye kan wata dabba mai kama da kada Ganga ce, ta kan kunkuru Yamuna. Yawan hannuwa kuwa hanyarsu ce ta nuna ƙarfi da yawan aiki.

Akwai 'yan jagora masu katin gwamnati a bakin ƙofa. In za ka ɗauka, ka nemi ganin katin, ku yanke kuɗi da adadin awa, kuma ka ɗauke shi don Kailasa kawai. Za ka ji wasu suna cewa aljanu ne ko halittun wata duniya suka yi aikin. Ka bar su da labarinsu. Sawun cizal yana nan, wuraren da aka bari ba a gama ba suna nan.

Daga nan sai na Jain, tun da sauran ƙarfi

Wannan ita ce shawarar da na fi so a ɗauka. Kogwannin Jain suna can ƙarshen arewa, fiye da kilomita ɗaya daga Kailasa, kuma yawancin baƙi suna isa ne a gajiye ko su fasa. Akwai motocin cikin harabar da ke kai mutane da kuɗi kaɗan. Ka hau. Ƙafarka tana da sauran aiki.

Jain addini ne mai zaman kansa, ba reshen Hindu ba. Mabiyansa kimanin miliyan 4.5 ne a ƙidayar Indiya ta 2011. Suna girmama malamai 24 da suke kira Tirthankara, na ƙarshensu Mahavira, wanda ya yi zamani da Buddha. Ginshiƙin koyarwarsu shi ne kada a cutar da duk wani mai rai, har ƙwaro. Shi ya sa ba su cin nama, masu tsanantawa ma ba su cin albasa da tafarnuwa da dankali, saboda tono su yana kashe tsiron da ƙananan halittun ƙasa. Kogwannin nan na ɓangaren Digambara ne, an yi su a ƙarni na 9 da na 10, su ne 'yan autan Ellora. Malaman Digambara ba su sa sutura, alamar sun rabu da mallakar komai, don haka siffofin ma tsirara suke. Na faɗa maka tun yanzu don in kana tare da iyali ko surukai ka san abin da za ka tarar. A Kailasa ma akwai siffofin maza da mata rungume da juna nan da can.

Wanda za ka ba lokaci shi ne na 32, Indra Sabha. Ƙofar ƙarama ce, ba ta nuna abin da ke ciki. Farfajiya ce 'yar madaidaiciya da ɗan haikali a tsakiya, giwa a gefe. Ƙasan ba a gama shi ba, kada ya yaudare ka, ka nemi matakala ka hau bene. Bayan girman Kailasa, nan aikin hannu ne mai laushi, irin bambancin ginin ganuwa da ɗinkin aska takwas. Ginshiƙan an yi musu ado kamar tukwane masu tumbatsa da ganye, a tsakiyar rufi ga ƙaton furen bado, kuma in ka haska tocila za ka ga ragowar zane mai launi. A gefe guda wani mai tumbi yana zaune kan giwa ƙarƙashin bishiya. A da an ɗauka Indra ne, sarkin allolin Hindu, daga nan sunan kogon ya samo asali. Daura da shi mace ce kan zaki a gindin mangwaro, 'ya'yan suna reto a kanta.

Gane su ma da sauƙi. Mai zaune ya harɗe ƙafa, hannu kan hannu, da lema hawa uku a samansa da zaki a gindin kujera, Mahavira ne. Bambancinsa da Buddha shi ne Buddha yana da mayafi. Wanda maciji mai kai bakwai ya yi wa rumfa Parshvanatha ne, na 23. Wanda kuma ke tsaye ƙyam, tsiro ya naɗe masa ƙafafu da hannuwa, dabbobi a gindinsa, Bahubali ne. Labarinsu ya ce ɗan sarki ne da ya yi nasara kan ɗan'uwansa a rikicin gadon sarauta, sai abin ya ishe shi, ya bar mulkin ya shiga daji ya tsaya wuri ɗaya shekara guda har yaɗo ya hau jikinsa. Daga cikin na 32 akwai hanya da ke ratsawa zuwa na 33 da na 34, sai ka ga ka ɓullo wani wuri ba ka san ka sauya kogo ba.

Na 30, Chhota Kailasa, wato ƙaramin Kailasa, yana ɗan nesa da sauran, kuma ba a ƙarasa shi ba. Dalilin zuwa ke nan: saman an gama, ƙasan dutse ne ɗanye. Shi ne shaidar yadda aka yi babban. In ka haɗu da mabiya Jain, gaisuwarsu "Jai Jinendra", amma "namaste" ta wadatar.

Sauran, a gurguje

A hanyar dawowa ka tsaya a na 29, Dhumar Lena, zaure mai faɗi da ƙofofi uku, zakoki suna gadin matakala. Sai na 21, Rameshwar, ɗaya daga cikin mafiya daɗewa, mai Ganga mafi kyau a duk wurin, da Shiva da Parvati suna wani wasa mai kama da dara, ita ta ɓata rai. Tsakanin 17 da 28 sauran za ka iya wuce su ba ka yi asara ba.

Ka huta ka ci abinci, sannan ka nufi kudu da yamma. Kogwannin yamma suke kallo, don haka daga ƙarfe uku hasken rana yana shiga ciki sosai. Na 15 yana da doguwar matakala amma ya cancanci hawa, saboda Narasimha, rabi mutum rabi zaki, da ya cafke wani azzalumin sarki. A na Buddha, na 10 da na 12 sun isa. Na 10 ana ce masa kogon kafinta, domin an sassaƙa rufinsa kamar an jera bakunan katako. Wanda ya san bakan gizo na tsoffin soraye zai tsaya ya ɗaga kai. Ka yi gyaran murya a hankali ka ji yadda take dawowa. Na 12 bene ne hawa uku, daga waje kamar ɗakin kwanan ɗalibai.

Wasu kogwannin suna warin kashin jemage, ba abin damuwa ba ne. Birai ne abin damuwa, manya masu baƙar fuska da dogon wutsiya. Na sayi ayaba na riƙe a leda, ban yi taku goma ba wani ya diro ya fizge, ya zauna kan katanga yana ɓarewa yana kallona. Abinci ya zauna cikin jaka a zuge. Kada ka taɓa sassaƙa, kada ka kunna filashi inda akwai zane, jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi kuma haramun ne a wurin. Sannan ka shirya wa masu cewa "selfi, selfi". Baƙar fata abin kallo ne a wajen 'yan ƙauye da 'yan makaranta. Yawanci son sani ne kawai. In ka amince da ɗaya, ajin gaba ɗaya zai yi layi, don haka ka koyi murmushi da girgiza kai.

Haikalin da ake bauta a ciki, da maganar salla

Kamar kilomita ɗaya da rabi daga kogwannin akwai Grishneshwar, ɗaya daga cikin wurare 12 mafiya tsarki na Shiva a Indiya, wanda Sarauniya Ahilyabai Holkar ta sake ginawa a ƙarni na 18. Wannan ba gidan tarihi ba ne, ibada ake yi. Ana ajiye waya da takalma a waje, maza suna tuɓe riga kafin su shiga ƙurya, layi kuma yana da tsawo, balle ranar Litinin. Ni daga waje na tsaya na dubi jan dutsen ginin na juya, kuma ina ganin haka ya fi wa wanda kallo ya kawo shi. In wani ya miƙo maka jan gari zai shafa a goshinka, ko alawar da aka yi sadaka da ita a haikali, ka dafa ƙirji ka ɗan sunkuyar da kai ka ce "shukriya". Sun gane, ba wanda zai ji haushi.

Kada ka shimfiɗa darduma cikin harabar kogwannin. Kilomita 3 zuwa 4 daga nan akwai Khuldabad, garin Musulmi mai masallatai da hubbaren waliyyai, kuma kan hanyarka ta komawa yake. Direbana dattijo ne mai jan gemun lalle. Ina ce masa "chacha", wato baffa, shi kuma yana ce mini "bhai". Da na tambaye shi inda zan yi azahar da la'asar, dariya ya yi ya ce garinsu ke nan. Alƙibla daga can yamma take, kada jiki ya juya ka gabas yadda ya saba.

A Khuldabad ne kabarin Aurangzeb yake, sarkin daular Musulmi ta Mughal da ya rasu a 1707. Wanda kakanninsa da mahaifinsa suka gina manyan hubbare, shi nasa ɗan fili ne na ƙasa, sama a buɗe, kuma ana cewa da kuɗin hulunan da ya ɗinka da hannunsa aka yi shi. Ba nisa akwai hubbaren Malik Ambar, haifaffen Habasha da aka sayar bawa, ya zama jagoran yaƙi da mulki a yankin, ya hana Mughal sakat har ya rasu a 1626. Shi ya kafa garin da daga baya ya zama Aurangabad. Direbobi ba su cika kai mutane can ba sai an tambaya.

In da sauran rana, a rabin hanya akwai ganuwar Daulatabad, inda Sultan Muhammad bin Tughluq ya mayar da babban birninsa daga Delhi a 1327. Ibn Battuta ya ratsa ta nan, kuma shi ɗin ne a 1353 ya sauka Takedda, a ƙasar Nijar ta yau. Sai dai hawan ganuwar aikin yini ne na daban. Bayan Ellora, ka kalle ta daga ƙasa kawai.

Abinci a kusa da kogwannin galibi na ganye ne: shinkafa, miyar wake, gurasa, a babban faranti da suke kira tali. A kayan leda, ɗigon kore yana nufin babu nama. In ka koma birni ka nemi nan kaliya a unguwannin Musulmi, gurasar tanderu da miyar naman rago mai yaji, abincin da garin ya yi suna da shi.

Wanda ke da ƙarin kwana zai so ganin Ajanta, kogwannin Buddha masu zanen bango, kimanin kilomita 100 daga birnin. Kada ka haɗa su rana ɗaya da Ellora, ko da direba ya rantse zai yiwu. Ita Ajanta Litinin take rufewa, don haka in farkon mako ka iso, Litinin ka yi Ellora, Talata ka yi Ajanta.